Garwar da Malam Bai Tace Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai Malam makwancinsa a nan Manchester, ƙasar da ruwan sama ba ya neman izini, nesa da inda iyayensa suke kwance a Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba a raine ni a zamanin da mace ke kama sunan miji ba. Abokan aikinsa na filin jirgi suna ce masa Mai Tata, wanda ya san shi ya gane. Ni ban taɓa zama a aji ba, ban kuwa taɓa jin kunyar haka ba. Da baki nake faɗa, 'yata Hadiza tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana, likitancinta ya tsaya a asibiti.

Bana ba zan jera muku halayensa ba, an yi wannan ranar zaman makoki. Labarin wata riga zan ba ku, rigar da na yi shekara hamsin da 'yan kai ina yi masa mita a kanta, ban san abin da ke ƙarƙashinta ba.

Lokacin da ya fara aiki a filin jirgin Kano, bayan an gama babban yaƙin Turawa, ƙananan jirage a garwa ake kawo musu fetur. Mutum ya hau kan fiffike da mazurari, ya shimfiɗa wata fata mai laushi a bakinsa, ya riƙa tsiyayawa a hankali. Fetur ya ratsa fatar ya wuce, ruwa da tsatsa su tsaya a sama. Malam yakan ce ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya sa inji ya yi tari, a sama kuwa babu gefen hanya da za ka tsaya ka duba. Wannan tacewar ita ce aikinsa, daga nan ya samo sunan.

Mahaifinsa kuwa fatoma ne, mai saukar fataken goro. A zauren nan Malam ya tashi, da dokar zauren a kunnensa. Duk abin da matafiyi ya damƙa maka a hannu lokacin tashi, in bai ce ya ba ka a gaban shaida ba, ajiya ce. Falke kuma ta hanyar da ya tafi yake dawowa, ya sauka inda ya saba sauka, ya karɓi kayansa. In shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa ba a gan shi ba, sai a fara yi masa addu'ar mamata.

To, wata rana da damina, Malam yana saurayi bai ko san da ni ba, wani ɗan jirgi mai inji ɗaya ya sauka, ya ƙetaro hamada tun daga Ingila. Mutum ɗaya ne a ciki, saurayi sa'ansa, rana ta gasa shi ya yi ja kamar gauta. Akawun filin ya gaya wa ma'aikata wai duniya zai zagaye. Zai yi gabas ta hanyar da alhazan ƙafa suke bi, ya yi ta tafiya har ya ɓullo gida. Aka yi ta dariya, wani ya ce a tambaye shi ko bashi ya ci a garinsu. A zamanin nan irin waɗannan masu ƙarfin hali sukan ɓullo jefi-jefi, wani ya kai, wani a daina jin ɗuriyarsa.

Da aka cika masa mai jirgin ya yi nauyi, sai ya shiga fitar da kaya yana zubarwa a ƙasa. A ƙarshe ya ɗauko wata rigar fata mai kauri, cikinta gashin tunkiya ne, ya dubi Malam, ya ɗora masa ita a hannu biyu, ya yi 'yan maganganu da Turanci, ya shige ya tashi. Akawu ba ya kusa, babu wanda ya fassara, babu shaida. Ɗan fatoma kuwa abu ɗaya ya sani. Ya naɗe riga ya kai gida, ya zauna jiran mai ita.

Iyakar abin da ya gaya mini ke nan da aka kawo ni gidansa na ga riga a ƙasan akwati. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai ya fito da ita ya shanya a inuwa, ya shafa mata man kaɗanya da tafin hannu, ya zuba busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, ya mayar. Ni kuwa bakina bai taɓa yin shiru ba. Na ce masa ko ɗan fari bai samu wannan gata ba. Na ce a kai wa dukawa su yanka mana takalma, ƙafa shida za ta fitar. Sai ya yi murmushi ya ce, "Tasalla, kayan aro ba ya rufe katara, balle ajiya."

Kada ku ɗauka Malam bai waye ba. Mutumin da ya tsufa a filin jirgi ai ya gane tun tuni cewa mai zagaya duniya ba ya dawowa ta inda ya bi. Da kansa yakan ɗauki lemo ya zagaya shi da yatsa ya nuna wa yara. Kai ya gane, zuciya ce ta tsaya a zauren ubansa, inda baƙon da bai dawo ba ake ce masa marigayi. Duk ƙaramin jirgin da ya sauka sai ya leƙa fuskar mai tuƙi, har ya bar aiki.

Da tsufa ya kama mu, ciwon ƙirji ya sa shi gaba, babban ɗanmu Injiniya ya matsa muka taho nan unguwar Levenshulme kusa da shi, don likita ya riƙa duba uban. Hadiza kuma tana Birmingham da mijinta. An ce kowa akwati ɗaya. Na bar tasoshina na aure a Kano, Malam kuwa rabin akwatinsa riga ce. Da muka shiga gidan ya sa aka kafa masa ƙusa a bayan ƙofar ɗaki, ya rataye ta.

Zuwanmu bai daɗe ba aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Yau a ce an rage bus, gobe a ce an rufe wurin da tsofaffi ke taruwa shan shayi. Maƙwabciyarmu, tsohuwar Baturiya, da bargo take wuni a falo don kada ta kunna heating, na'urar ɗumama ɗaki. Malam yakan ce gwamnati ma ta zama jirgi mai nauyi tana zubar da kaya, Allah dai ya sa tana duba abin da take jefarwa. Shi ma kansa, don kada ya ɗora wa ɗansa nauyi, da Injiniya ya fita aiki sai ya lallaɓa ya kashe heating ɗin.

Wata ranar hunturu bayan azahar na shigo na tarar da shi a kujera yana karkarwa, leɓensa ya yi fari, ga riga mai gashin tunkiya a rataye taku uku daga inda yake. Raina ya ɓaci. Na fizgo ta na yafa masa a kafaɗa.

Ya ce, "Cire, ba tawa ba ce."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Mai rigar nan ya mutu tun kafin a haifi Injiniya!"

Sai na ga karkarwar ta tsaya. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce, "Ke ma haka kike gani ko? To in ya mutu, ni na kashe shi."

Ran nan na ji sauran labarin. Ashe garwa goma sha biyu aka kawo. Ya tace goma sha ɗaya, sai hadari ya haɗo, gari ya yi duhu. Baturen yana ta duba agogo yana buga fiffike da hannu, yana so ya tashi kafin ruwa ya rufe filin. Fatar ta riga ta jiƙe, man yana sauka kamar hawaye. Malam ya dubi hadari, ya dubi mutumin, ya janye fatar ya juye garwar ƙarshe haka nan. Babu wanda ya gani. Da ya sauko ya girgiza garwar, sai ya ji kamar akwai ɗan abu a gindinta, bai kuwa iya leƙawa ba. Cikin wannan hali aka ɗora masa riga a hannu.

Ya ce, "Sau ɗaya ne, Tasalla. A duk aikina sau ɗaya ne. Shi ne kuma wanda bai dawo ba."

Shekara sittin mutum yana kwana yana tashi da garwa ɗaya a ƙirji, ni ina gefensa ina lissafa takalman da za a fitar. Na cire masa rigar da hannuna na mayar kan ƙusa, na kunna heating na ƙure shi, na ce in ya sake taɓawa sai na haɗa shi da ɗansa. Daga ran nan ban ƙara yi wa rigar ba'a ba.

Ni na ce masa tunda Allah ya kawo mu ƙasar mai ita, ai sai a nema. A wuyan rigar akwai ɗan ƙyalle da sunan shagon da aka ɗinka ta a Birmingham, da haruffa uku da aka rubuta da tawada. Hadiza ta bincika ta ce shagon ya daɗe da shuɗewa. Sai Malam ya kama zuwa laburaren unguwa. Ajami ya iya, bokonsa bai wuce na lambobin jirgi ba, don haka hotuna yake kallo. Wata ma'aikaciya mai suna Helen, doguwa mai furfura, ta lura da tsohon da ke zuwa kullum da hula zanna yana bin fuskokin matuƙa da yatsa. Injiniya ya je ya yi mata bayani sau ɗaya, shi ke nan ta ɗauki abin kamar nata. Ta riƙa aro masa littattafan tsofaffin jirage daga wasu wurare, tana ajiye masa kujera kusa da abin ɗumi. In ya dawo sai ya ba ni labarin mutanen da ya gani, waɗanda suka ƙetare teku a cikin abin da bai fi kwalekwale ba. Yakan ce, "Kowane ɗayansu akwai wanda ya zuba masa mai, amma ba a ɗauki hotonsa ba."

Sai tsuke bakin aljihu ya iso laburaren. Aka mayar da shi kwana uku a mako, daga baya aka sallami Helen tare da wasu. Malam ya dawo gida ran nan da wannan labari. Bai ƙara cikakken wata huɗu ba ya kwanta. A asibiti, da safe, bayan ya gama yi wa yara wasiyya, ya kira ni kusa ya ce, "Ajiyar nan ta koma wuyanki." Na ce na karɓa. Ya tafi bai san makomar mai rigar ba. 

Shekara uku bayan haka, da hantsi, aka buga ƙofa. Helen ce, da lema da wata takarda a hannu. Ashe da aka raba ta da aiki ba ta rabu da neman ba. Ta ce lokaci ne ya yi mata yawa, ba ta san inda za ta kai shi ba. Ta yi ta rubuta wasiƙu zuwa ƙungiyoyin tsofaffi masu son jiragen da, har wani ya gane haruffan nan uku. Ta samo adireshin wata mata a Birmingham, 'yar matuƙin, matar kuma ta amsa da layi biyu cewa mu zo. Ita Helen ba ta ji labarin rasuwar Malam ba sai a bakina. Muka tsaya a bakin ƙofa, Turancina bai wuce na sayen albasa ba, ita ba ta jin Hausa, muka yi kukanmu muka fahimci juna.

Hadiza ta ce bari ta buga wa matar waya mu ji komai a take. Na ce kul. Ba a mayar da ajiya ta waya, kuma amsar da aka jira shekara sittin da wani abu ba za a ji ta a tsaye a kicin ba. Na shanya rigar, na shafa mata man kaɗanya, na sa atamfata ta fita kunya, na hau jirgin ƙasa. Hadiza ta tarye ni ta kai ni, ashe gidan bai da nisa da nata a Balsall Heath. Shekarun da muka yi muna zuwa wurinta da salla, da Malam da ni, muna wuce bakin layin a mota.

Sunanta Ruth, gajeriya mai fara'a, ta haura sittin. Ta kawo shayi, ni kuwa ban taɓa ba. Na ce wa Hadiza, "Tambaye ta abu ɗaya. An haife ta kafin tafiyar uban, ko bayanta?"

Hadiza ta ce, "Haba Umma, ko gaisawa ba ku gama ba."

Na ce, "Ke dai tambaye ta."

Matar ta yi mamaki, ta ce ai bayan ya dawo da shekara uku aka haife ta. Ban jira fassara ta ƙare ba. Na dubi wannan mata da ke zaune gabana da furfurarta da hotunan jikokinta a bango, na ce ashe ke ce amsar. Na rufe fuska da mayafi, na yi hamdala har muryata ta dushe.

Da na natsu ta ba mu labari. Uban bai zagaye duniya ba. Ya kai har ƙasar Indiya lafiya lau, injinsa bai yi tari ko sau ɗaya ba. A can ya sauka a wani fili da ruwa ya jiƙa, ƙafar jirgin ta nutse a laka ta karye, ya dawo gida ta jirgin ruwa da jakarsa a hannu. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya yi aure, ya buɗe shagon gyaran keke, ya mutu da tsufansa a kan kujera bayan ya ci abincin rana. Ta ɗauko littafin da yake rubuta tafiyar, ta buɗe mana shafin Kano. Layi ɗaya ne: ya sha mai, hadari na tafe, ya tashi. Babu sunan Malam, babu ko alamar an yi wani mutum a kan fiffike. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai. Daga baya na tuna maganarsa ta hoto. Mai zuba mai ba ya shiga littafi sai in ya yi ɓarna, shi kuwa bai shiga ba.

Sannan na kwance ƙunshin. Da ta ga rigar sai ta dafe baki, can kuma ta fashe da dariya har da hawaye. Wai uwarta ce ta saya masa ita tun suna neman aure, ya dawo ya ce ya ba wani saurayi a Afirka. Har ta mutu, in sanyi ya shigo sai ta ce, da ba ka kyautar da rigar nan ba. Shekara arba'in tana yi masa mita.

Na ce wa Hadiza, "Gaya mata uwarta yarinya ce, ni na yi hamsin."

Ruth ta ce tunda kyauta ce tun asali in koma da ita, hakkinmu ce. Na ce a'a. Wanda aka yi wa kyautar bai ji an ce an ba shi ba, ni kuwa ajiya aka bar mini, ba gado ba. Na miƙe na ɗora mata ita a hannu biyu kamar yadda uban ya ɗora wa Malam, na sa Hadiza ta tsaya shaida, na ce ta duba da kyau ta faɗa da bakinta ko akwai abin da ya ɓaci. Ta juya ta ciki da waje, ta shinshina wuyan, ta ce ba ta ga ko huda ɗaya ba, sai dai wani ƙamshi da ba ta sani ba. Na ce man kaɗanya ne, kuma in tana so rigar ta kai wa jikokinta, sau ɗaya a shekara, da tafin hannu, a inuwa. Na bar mata sauran kwalbar.

Yau in na zauna bakin taga jirage suna wucewa can sama za su sauka, sai in ce da Malam yana nan me zai ce? Jikokina suna ɗaga waya su gaya mini, da Turancinsu na 'yan Manchester da ko uwarsu sai ta ce su maimaita, daga ina wannan ya taso, ƙarfe nawa zai sauka. Abin da ya cinye masa shekara sittin, yanzu yaro yana gani kafin ya haɗiye loma. Ina jin zai yi murna, don babu wanda zai ƙara kwana da irin nauyinsa. Ina kuma jin zai tambaya ko har yanzu akwai mai tsayawa ya tace abu alhali babu mai kallonsa. Laburaren nan yanzu 'yan sa-kai ne ke buɗe shi, Helen tana cikinsu ranar Talata, babu albashi. Da ya gan ta zai ce ga ɗaya nan.

Wasu in na ba su labarin sai su ce kaico, ya wahalar da kansa a banza, riga kyauta ce, mutum kuma bai mutu ba. Ni ban ce banza ba. Garwa ɗaya ya juye ba tata, ya yi sauran shekarunsa na aiki bai ƙara janye fatar nan ba ko wa ke buga masa fiffike. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka sauka gaban iyalinsu saboda tsoron da garwar nan ta dasa masa.

Bai bar gida a Abuja ba, bai bar gona ba. Fatar tatarsa tana cikin jakata, ta bushe ta yi baƙi. Injiniya ya so ya zare ƙusar bayan ƙofa lokacin da aka yi fenti, na ce ya bar mini abata. Kullum in zan rufe ɗaki sai na gan ta, babu komai a jikinta, in ce: Malam, mutuminka ya isa gida, ya haihu, ya tsufa. An mayar da kayan mutane, babu huda ko ɗaya. Allah ya sa kai ma ka tarar da taka saukar da sauƙi.